Ma'aunin Dandali da Ma'aunin Amana

Masu ba da labarin ƙasar Zazzau sun haɗu a kan cewa tun kafin birnin Zariya ya tsaya inda yake a yau, gindin dutsen Kufena, can yamma da gari ta wajen Wusasa, matattara ce ta jama'a mai ganuwa, kuma a zamanin Bakwa Turunku, wajen shekarar 1536 bisa lissafin jerin sarakunan Zazzau, aka taso da sarauta daga Turunku aka kawo ta wannan yanki. Daga wannan gida ne Amina ta fito, wadda littafin tarihin Kano ya sanya zamaninta tun a ƙarni na 15, lokacin Sarkin Kano Dauda, alhali riwayar Zazzau ta mai da ita ƙarni na 16. Ko wane ƙauli mutum ya ɗauka, littafin Kano ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi har ta kai Nufe da Kwararrafa, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri. Abin lura a nan shi ne yadda muke yabonta. In an tashi ɗaukaka Amina, ba a rasa cewa ta yi abin da ya gagari maza, ta hau doki kamar namiji, ta riƙe takobi kamar namiji. Wato dai ba mu yarda ta cancanci mulki ba sai da ta shiga fagenmu ta kayar da mu da irin makaminmu. Amma goron da ya shigo ƙasar Hausa a hannunta, da hanyoyin fatauci da ta buɗe zuwa kudu, da ganuwar da ta sa manomi da maƙeri da masaƙi suka kwana da ido biyu rufe, waɗannan sai a ambace su a ƙarshen zance, kamar ƙari ne a kan ainihin aikinta.

Wannan ɗabi'a ta awo ba ta mutu tare da zamanin kwari da baka ba. Yau babu yaƙi irin na da, amma akwai dandali, kuma a filayen da ke kewaye da Kufena, da na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, duk yammacin Allah za ka tarar da samari suna ƙwallo, babu albashi babu kofi, amma suna yi kamar ransu ne a kai, har wani ya karye, wani ya yi gaba da ɗan unguwarsu wata guda a kan ƙwallon da ba a tabbatar ta shiga raga ba. Mas'alar da nake so a duba ita ce, shin wannan zafin neman rinjaye da Allah ya sanya a zukatan yawancin maza, wanda yake bayyana tsirara a wajen wasa, hujja ne a kan cewa su ne suka fi cancanta da riƙon dukiyar jama'a, da shugabancin kamfani da banki da kasuwa? Mutane da yawa, har da waɗanda ba su taɓa furta shi da baki ba, a kan wannan ƙiyasi suke tafiya. Suna cewa kasuwa fagen fama ce, wanda ba ya son kokawa ba zai iya da ita ba, mata kuwa ba su son kokawa, saboda haka ƙarancinsu a kujerun shugabanci hukunci ne na halitta, babu zalunci a cikinsa.

Kafin a warware wannan magana, wajibi ne a ba gasa haƙƙinta, domin shari'a ba ta ƙi ta ba, al'ada kuma ta girmama ta. Ya tabbata a cikin littattafan hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tseren dawaki a Madina, an riwaito ya yi kokawa da Rukana, wanda babu mai kai bayansa ƙasa a Makka, ya kayar da shi, kuma ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha a cikin tafiya, ta wuce shi a karon farko, bayan shekaru da jikinta ya yi nauyi ya rama. Malamanmu na Malikiyya sun keɓe wa musabaƙa babi, Shaihu Halilu ya ajiye shi a cikin Muhtasar daf da babin jihadi, ya halatta sanya lada a tseren doki da raƙumi da harbin kibiya, bisa sharaɗin kada abin ya koma caca, ya kuma halatta sauran wasannin ƙarfi in babu kuɗi a tsakani. Har alfahari da ambaton suna da ɗaga murya a wajen harbi ya yi rangwame a kansu, duk da ya nuna ambaton Allah ya fi; wanda ya san kirarin 'yan dambe zai yi murmushi in ya iske wannan a littafin fiƙihu. Dambe kansa dai malamai da yawa ba su sake da shi ba, saboda hanin da ya zo a kan dukan fuska, da abin da ke biye da shi na layu da tsafi, amma wannan wata mas'ala ce daban. Imamu Gazzali ya rarrabe a cikin Ihya'u tsakanin hasada, wadda ita ce son gushewar ni'imar wani, da gibɗa da munafasa, wato son ka kai inda ya kai ba tare da ka so faɗuwarsa ba, ya zargi ta farko, ya yarda da ta biyun, bal ma ya mai da ita abin so in a kan alheri ake yin ta.

Al'adarmu ma ta san wa gasa wurinta da lokacinta. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, da kaka ake yinsa bayan an kai amfanin gona gida, a naɗe hannu ɗaya da zare, a sa kalangu, a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Rundunonin Kudu da Arewa da Guramada suna karawa har yau, sunan Shago kuwa bai ɓace ba saboda Ɗan Anace ya ajiye shi a bakin mutane. A Nijar hukuma ce da kanta ta ɗauki kokawa ta mai da ita gasar ƙasa tun 1975 a Tawa, ana ba gwani takobi, har sunaye irin su Kantu na Maradi da Kadade na Tawa, da Issaka Issaka na Dosso a wannan zamani, suka zama abin da yaro ke tashi da shi. Babu mai musun cewa waɗannan fagage suna koyar da juriya, da haƙurin shan kaye a gaban jama'a, da sanin cewa gaba da gabanta. Amma duk da girman da ake ba ɗan dambe a ranar wasa, ban san wani gari a ƙasar Hausa da aka taɓa ɗaukar ajiyar marayu aka kai wa Sarkin Dambe don ya fi kowa naushi ba. Kakanninmu sun san fage daban, taska daban. Ayarin da ke tafiya Gwanja sayen goro yana da jarumawa masu tsaron hanya, amma madugu ake naɗawa don sanin hanya da mashaya, da iya magana da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, da sanin nawa za a biya fito a bakin Kwara ba tare da an zubar da jini ba.

To, daga ina ruɗanin ya shigo? A ganina wani sashe nasa ya zo ne tare da makarantar Turawa. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta koma Kaduna a 1938, sannan ta sauka Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Barewa, an gina ta ne a kan aƙidar makarantun 'ya'yan manya na Ingila, cewa a filin wasa ake ƙera shugaba. Suka kawo kurket, da wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu wanda suka kwaso daga makarantar Eton, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe shi har bayan ya zama Firimiya. Daga wannan makaranta aka sami Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da Umaru 'Yar'aduwa, ga manyan ma'aikata da shugabannin kamfanoni ba iyaka. 'Yan mata kuwa, babbar sakandaren gwamnati da aka yi musu a Jihar Arewa, ta Sarauniya Elizabeth da ke Ilori, sai a 1956 ta zo, bayan maza sun yi gaba da shekara talatin da 'yan kai. Haka nan folo, wanda ya kafu a Katsina a zamanin Sarki Dikko, ɗansa Usman Nagogo ya shahara da shi, ya zama majalisar sarakuna da hafsoshi da attajirai daga Kaduna zuwa Kano da Zariya. Wanda ya san yadda al'amura ke gudana ya san yawancin ciniki ba a ofis ake ƙulla shi ba. Ana ƙulla shi ne a gefen fili bayan an sauka daga doki, ko a zauren wani bayan sallar isha'i, ko a sahun gaba ranar ɗaurin aure, wuraren da mace ba ta zama. In an zo naɗa darakta, kowa wanda ya sani zai ambata, wanda ya sani kuwa shi ne wanda suka yi gumi tare. Babu wanda ya yi nufin mugunta a cikin wannan, amma sakamakonsa ɗaya ne da na mai nufi.

Masana tattalin arziki na ƙasashen waje sun gwada wannan al'amari da awo, kuma abin da suka samu ya cancanci a tsaya a kansa. A wani gwaji da Muriel Niederle da Lise Vesterlund suka wallafa a 2007, an ba ɗalibai maza da mata a Amurka aikin tara lambobi, aka ga ƙoƙarinsu bai bambanta ba. Da aka ce kowa ya zaɓa, ko a biya shi gwargwadon abin da ya yi, ko ya shiga gasa wanda ya ci ya kwashe duka, sai kashi 73 cikin ɗari na mazan suka zaɓi gasa, matan kuwa kashi 35 kawai. Da yawa daga mazan da suka shiga ba su da ƙoƙarin da za su ci, da yawa daga matan da suka janye kuwa da sun shiga da sun ci. Bayan shekara biyu, Uri Gneezy da abokan aikinsa suka kai irin wannan gwaji, na jefa ƙwallo a bokiti, wajen Masai na Tanzaniya, inda namiji ne komai, da kuma Khasi na arewa maso gabashin Indiya, inda gado da gida ta wajen uwa suke bi. A cikin Masai maza suka ninka mata wajen zaɓen gasa, a cikin Khasi kuwa mata ne suka fi maza. Wannan ya nuna cewa ko da akwai rabon halitta a cikin abin, rabon tarbiyya ba ƙarami ba ne. Akwai kuma binciken Barber da Odean na 2001 a kan masu sayen hannun jari a Amurka, inda suka ga maza sun fi mata yawan saye da sayarwa da kashi 45 cikin ɗari, kuma wannan yawan kai-kawo ya rage musu riba fiye da yadda ya rage wa mata.

Abin da waɗannan alƙaluma suke faɗa, in an tace shi, malamanmu sun riga sun karanta shi a wani littafi. Gasa tana nuna maka wanda ya yarda da kansa har ya fito, ba ta nuna maka wanda ya fi iyawa; shari'a kuwa, a babin wilaya, wannan fitowar ce ma take tuhuma. Ya zo a cikin Bukhari da Muslim cewa Annabi ya hori Abdurrahmani ɗan Samura da kada ya nemi shugabanci, domin wanda aka ba shi saboda ya nema za a bar shi da shi, wanda kuwa aka ɗora masa ba da nemansa ba za a taimake shi. Ya kuma gaya wa mutanen da suka zo tare da Abu Musa Al'ash'ari cewa ba a ba da wannan aiki ga mai roƙonsa ko mai kwaɗayinsa. Abu Zarri, wanda babu mai shakkar jaruntakarsa, shi da ya tsaya a tsakiyar Ƙuraishawa ya bayyana musuluncinsa aka yi masa dukan kawo wuƙa, da ya nemi a ba shi aiki sai aka ce masa yana da rauni, abin kuwa amana ne. Ashe raunin da ake nufi a nan ba na damtse ba ne, ba kuma na zuciya a gaban maƙiyi ba. Rauni ne a wajen tadbiri da jure wa sha'anin mutane. Hadisin nan kuma da kowane almajiri ya haddace, wanda ya kore sunan ƙarfi daga gwanin kayarwa ya ba wanda ke mallakar kansa a lokacin fushi, da kalmar kokawa aka gina shi, kamar dai an nufi wannan mas'ala tamu da gangan.

Mai jayayya zai ce ai Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar. Gaskiya ne, malamai kuma sun ce hakan ya halatta ga wanda ya san babu mai iya tsayawa da aikin sai shi. Amma a duba siffofin da ya gabatar a gaban sarki: tsarewa da sani. A Suratul Ƙasasi kuma, mace ce, ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu na Madyana, ta shimfiɗa wa mahaifinta ƙa'idar ɗaukar ma'aikaci da Alƙur'ani ya tabbatar, wato ƙarfi haɗe da amana, malamai kuwa sun bayyana cewa ƙarfin kowane aiki gwargwadon irinsa ne, na yaƙi daban, na alƙalanci daban, na riƙon dukiya daban. Ƙissar da ta fi ba ni mamaki a wannan babi ita ce ta Bilƙisu a Suratun Namli. Takardar Annabi Sulaimanu ta iso, ta tara fadawanta ta nemi shawararsu. Su kuwa abin da suka iya kawowa shi ne kirari, cewa su ma'abota ƙarfi ne da tsananin yaƙi. Ita ce ta tuna musu abin da sarakuna ke yi wa gari in sun shige shi da yaƙi, ta zaɓi ta aika da kyauta ta gwada mutumin tukuna, a ƙarshe ta tsirar da kanta da mutanenta. Da an bi ma'aunin dandali a wannan majalisa, da kowane bafade ya fi ta cancanta.

Ba zan tsallake hadisin Abu Bakrata ba, wanda aka faɗa lokacin da labari ya zo cewa Farisawa sun naɗa 'yar Kisra, domin shi ne madogarar jamhurin malamai wajen hana mace shugabancin ƙoli na al'umma, Malikiyya kuma suka haɗa da alƙalanci, ko da yake Abu Hanifa ya yarda ta yi hukunci a abin da ba haddi da ƙisasi ba, an kuma ciro daga Ɗabari cewa ya yarda baki ɗaya. Wannan saɓani na manya ne, ba a muƙala ɗaya za a yanke shi ba. Abin da ya shafe mu shi ne, riƙon kamfani da jujjuya dukiya ba imama ba ce, babin wikala ne da ijara da ƙirali, kuma a wannan babi babu wani malami da ya sharɗanta mazakuta. Mace baliga mai hankali tana da cikakkiyar zimma a kan dukiyarta; abin da Malikiyya suka ba miji shi ne ikon hana kyautar da ta wuce sulusi, amma saye da sayarwa da neman riba ba su shiga ciki ba. Nana Hadiza ce mai jari a Makka, ita ke ɗaukar maza aiki tana aika su Sham, kuma da ta tashi zaɓen wanda za ta danƙa wa dukiyarta tare da yaronta Maisara, a garin da ke cike da 'yan kokawa da masu alfahari a kasuwar Ukaza, wanda ake kira Amintacce ta nema. An kuma riwaito cewa Sayyidina Umaru ya ɗora Shifa'u 'yar Abdullahi a kan wani sha'ani na kasuwar Madina, duk da Alƙali Ibnul Arabi bai inganta riwayar ba.

A ƙasarmu ma, abin da ya faru ba tafiya ce madaidaiciya daga duhu zuwa haske ba. A Zazzau ta Haɓe sarautar Iya ta mata ce. Bayan da Malam Musa ya karɓi gari a jihadin farkon ƙarni na 19, mutanen Sarki Makau suka yi kudu inda daga baya aka kafa Abuja ta farko, wadda ake kira Suleja yanzu, sai sarautar ta koma hannun maza, har yau kuwa namiji ne Iyan Zazzau. Amma wannan jihadin ne kuma ya fito da Shehu Usmanu, wanda ya yi kakkausan zargi a cikin Nurul Albabi ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, ya kuma fito da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, bayan ta tsara jaji da 'yan taru, tsarin da ya kai karatu ƙauyuka ba tare da ta taɓa karawa da kowa a fage ba. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma, mahaifiyarsa Amarya 'yar kasuwa ce mai dukiyar kanta, wadda ta yi ƙaura har Ankara ta ƙasar Gwalkwas ta ci gaba da cinikinta.

Wanda kuma yake son ganin shugabancin mata a kasuwanci da idonsa ba ya bukatar ya je Ikko. Ya shiga lungunan cikin birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana, ya tambayi inda man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da daddawa ke fitowa. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta bayyana yadda matan aure ke da sana'arsu da jarinsu wanda miji ba ya taɓawa, Polly Hill kuma, da ta zauna a Batagarawa, ta ga cinikin da ke gudana a bayan katanga ya isa a kira shi kasuwa a ɓoye. Ɗinkin babbar riga da Zariya ta yi suna da shi, aska takwas da aska biyu, da aikin maza ne, amma tun daga wajen shekarun 1970, da maza suka koma keken ɗinki da aikin albashi, mata suka ɗauki allura, har yanzu kaso mai yawa na aikin hannu daga ɗakunansu yake fitowa. Ga dillaliya, wadda ke shiga gida goma da kayan mutum goma ba rasit ba shaida. Ga uwar adashi, wadda mata talatin ko hamsin ke zuba mata kuɗi kowane mako shekara da shekaru, ta san wa za a ba kwasa da wuri don haihuwa ta matso, wa za a jinkirta wa don hannunta ba ya riƙe kuɗi, ta cike giɓin wadda ta gaza daga aljihunta don kada zubi ya watse. Wannan shi ne ainihin aikin banki, karɓar ajiya da auna wanda za a ba bashi, kuma jarinta kaf amana ce, ranar da ta ci ta sau ɗaya ta gama. Wanda ya ce wannan mata ba ta iya shugabanci ba saboda ba a taɓa ganinta tana cacar baki a majalisa ba, ya yi daidai da mai auna gero da kamu, ya ce bai cika ba, alhali mudu ne ma'auninsa.

Ba na cewa wannan tsari ba shi da aibi. Cinikin cikin gida a kan talla yake tafiya, tallar kuwa a kan 'yan mata ƙanana take, waɗanda ke biyan kuɗinta da karatunsu, wani lokaci da abin da ya fi karatu tsada. Ba na kuma cewa kowace mace amintacciya ce, ko kowane namiji mai gaggawa ne. An ga uwar adashin da ta gudu da zubi, an ga attajirin da ya mutu ba a bin sa kwabo. Haka nan kasuwa tana bukatar ƙarfin hali, wanda ba ya iya kasada ba ya fatauci. Sai dai hukama'u sun ce shaja'a tsakiya ce tsakanin tsoro da wauta, kuma kasadar da mutum ke yi da jikinsa a fage, in ya faɗi shi kaɗai ya ji ciwo, ba ɗaya take da kasadar da yake yi da ajiyar gwauraye da kuɗin fanshon tsofaffi ba. A shekarar 2009, da Babban Bankin Nijeriya ya binciki bankuna ya sauke shugabannin guda takwas, ya zuba naira biliyan 620 don kada su durƙushe, an ga abin da tseren wane-ya-fi-girma ke haifarwa. Kuma don kada wani ya ɗauka magana ta jinsi ce tsagwaronta, a cikin waɗanda aka sauke har da mace.

Bayan wannan ne, a zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki, kwamitin shugabannin bankuna ya sa wa kansa buri a 2012 cewa mata su kai kashi 30 cikin ɗari na daraktoci da kashi 40 na manyan ma'aikata, bisa tafarkin da Norway ta buɗe da dokarta ta 2003 mai neman kashi 40. An sami motsi, har bankuna da dama suka sami mata a kan kujerar ƙoli, kuma 'yar Zariya, Hadiza Bala Usman, ta riƙe Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya daga 2016 zuwa 2021, kamar yadda Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ta yi karatun akanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ta riƙe Ma'aikatar Kuɗi daga 2018 zuwa 2023. In aka tuna cewa Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan neman mata su jefa ƙuri'a kawai, abin da matan Arewa ba su samu ba sai a 1976, za a san an yi tafiya. Ina ganin ware kaso yana da amfani a matsayin magani na ɗan lokaci, domin yana tilasta wa masu naɗi su ɗaga ido daga abokan wasansu su duba waje. Amma iyakarsa a bayyane take: kujerun da ake warewa a saman bene suke, waɗanda ke hawa kuwa galibi 'ya'yan gidajen da dama can suna da tsani ne, kuma sau da yawa ana auna su da tsohon ma'aunin, a ce wance kallabi ce tsakanin rawuna, ta iya faɗa kamar namiji, yabon da aka yi wa Amina ke nan aka sake masa riga.

Mai ɗinkin aska takwas da uwar adashin cikin birni kuwa, abin da ya tsaya tsakaninsu da girman jari ba kujerar darakta ba ce. In ɗayarsu ta je banki neman bashin da za ta sayi shadda da zare na shekara guda, ko injin matsar gyaɗa, takardar mallakar fili za a tambaye ta, alhali rabonta na gado, wanda Alƙur'ani ya yanka mata, yana cikin gidan da ba a raba ba ko gonar da 'yan'uwanta maza ke nomawa, babu takarda da sunanta. Tun 2016 Babban Banki ya buɗe rajistar jingina ta kayan da ake iya ɗauka, aka kuma yi mata doka a 2017, don a karɓi keken ɗinki da dabba da kayan shago a matsayin jingina, amma labarinta bai ratsa zaure ya isa tsakar gida ba, littafin zubi na shekara ashirin da ba a taɓa samun giɓi a cikinsa ba kuwa har yanzu ba ya cikin takardun da ma'aikacin banki ke karɓa.